Gogen Jatau Marar Tsirkiya

Jatau mutum ne da bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ko hanyar garin da bai taɓa zuwa ba ka tambaye shi, zai nuna maka da hannu, har ya gaya maka inda za ka tsaya ka sha fura. Amma a kan goge kam ba cika baki yake yi ba. Ubansa Barau da goge ya ci abinci har ya bar duniya, shi ma da shi ya tashi, kuma duk ƙauyukan bakin gulbi daga Maradun har Faru ba a biki a manta da shi. Mahaifiyarsa Marka ita ce zabiyar gidan. Ta yi wa mijinta waƙa, da ya rasu ta ci gaba da yi wa ɗanta, ko da yake daga nesa take tsayawa, don Jatau ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama kusa da shi, in za ta kira shi sai dai ta ce "kai wanga".

Shekarar da aka ce ruwan dam ɗin Bakolori zai ci ƙauyensu, Tungar Gawo, aka kwashe su zuwa wani tudu mai tsakuwa kusa da Maradun, a lokacin ne abin ya same shi. Yana warware rumbunsa na tsohon gida don ya ɗebi itacen, kububuwa ta sare shi a hannun hagu. Allah ya yi da sauran kwana, amma yatsun suka lanƙwashe ciki, suka ƙi miƙewa. Mai goge kuwa da yatsun hagu yake magana. Jatau ya rataye gogen a bango, gizo-gizo ya gaje shi.

Tun daga nan Marka ta yi shiru. Kunnenta ma ya yi nauyi, sai an ɗaga murya sosai take juyowa. Da shirun nan na waƙar biki ne kawai da ba wanda zai damu, amma akwai wata waƙa guda ta gidan, waƙar rakiya, wadda duk 'yar da za ta fita gidan miji da ita ake fitar da ita tun zamanin kakanni. Ga shi an sa ranar Husaina, 'yar Jatau, da wani tela na Bakura mai suna Lawali, bayan kaka. Husaina ta bi kakarta da wasa, ta bi ta da magiya, tsohuwa ta ce a'a.

"Waƙag ga ba ta tashi ita ɗai," in ji Marka. "Goge ka buɗe mata ƙohwa. In ban ji taken ba, ban san inda zan aza baki ba."

An gwada ɗauko wani mai goge daga Janbako. Jatau ya rera masa taken da baki, mutumin ya kama, ya ƙara masa gishirinsa har ya zama wani abu dabam. Marka ba ta ji komai ba, amma ta dubi yadda hannunsa ke tafiya ta ce ba shi ba ne. Husaina ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ita ce za ta zama ta farko a zuriyar da za ta fita shiru kamar an kai akuya kasuwa. Wannan kukan ya tsaya wa Jatau a rai ƙwarai.

Lokacin yana gadi a gidan wani Bature injiniya, a unguwar ma'aikatan dam da ke wajen Talata Mafara. Mutane ba su iya sunan Baturen ba, sai suka sa masa Dogo. Wata Lahadi da hantsi Jatau yana ban ruwan furanni ya ji wata murya daga falo. Da farko ya ɗauka mace ce ke kuka, ya sake saurare ya ji kamar goge, sai dai gogen da ba ya numfashi. Ya leƙa ta taga. Dogo ne tsaye gaban wani ɗan akwatin katako, da sandar ƙarfe guda a tsaye a dama, da wani ƙarfe lanƙwasasshe kamar mari a hagu, yana ta yawo da hannuwa cikin iska bai taɓa komai ba.

Dogo ya gan shi, ya kira shi ciki. Ya ce sunan abin teremin, shi ya harhaɗa shi da hannunsa don ɗebe kewa. In ka kai hannun dama kusa da sandar, murya ta hau. In ka janye, ta sauka. Hannun hagu kuwa aikinsa ɗaya, ka ɗaga shi sama da marin murya ta ƙaru, ka sauke shi ta mutu. Jatau ya dubi hannunsa na hagu mai lanƙwasassun yatsu, ya ɗaga shi, ya sauke. Abin da ake nema ke nan kawai, kuma hannun ya iya.

Gwajinsa na farko kukan kare ne da aka taka wa wutsiya, har kukun gidan ya fito da ludayi a hannu. Jatau ko a jikinsa. Ya ce wa kuku, "Ba ni wata guda ka gani."

Bai samu watan ba, don aikin Dogo ya ƙare ya tashi komawa ƙasarsu. Ya bar wa Jatau akwatin, da takalman aiki masu ƙarfe a baki, da rigar ruwa. Amma babbar rediyon falo, wadda ta cikinta muryar akwatin ke fitowa, da ita aka tafi. Abin da ya rage sai wani ɗan abu kamar ƙwayar gujiya mai siririyar waya, wanda ake cusawa a kunne. Mutum ɗaya kawai ke ji, shi ma sai ya natsu.

Da wannan Jatau ya koyi taken. Kullum da la'asar yana bayan gida ƙarƙashin aduwa, akwati bisa turmin da aka kifa, yana kama iska yana saki. Masu wucewa ba su jin komai, sai dai su ga dattijo da gemunsa yana yi wa sandar ƙarfe alama da hannu yana gyaɗa kai. Magana ta zaga tudun nan cewa dafin kububuwa ya hau kai. Matarsa Nagode ta fara yi masa turaren hayaƙi a ɓoye. Shi kuwa ya gano halin abinsa: ba ya son babbar riga, don hannun rigar ma murya gare shi, ba ya son kaza ta gifta, ba ya son mutum ya matso. Duk abin da ya zo kusa da sandar sai ya shiga cikin waƙar. Akwai ɗan mamurɗi a gaba wanda ake juyawa kafin a fara, har akwatin ya yi shiru ya saba da wanda ke tsaye gabansa. Jatau ya saba da shi, shi ma ya saba da Jatau, su biyu kaɗai.

Kafin gero ya fid da kai, taken ya zauna. Ranar da ya fito daidai, yadda Barau ke jan sa, Jatau ya cire abin kunnen ya zauna a ƙasa. Daɗi ya ji, da kewar ubansa, duka a haɗe. Saura abu guda, yadda muryar za ta fito daga ƙwayar gujiyar nan ta isa kunnen tsohuwa.

Ranar Talata ya naɗe akwatin cikin zane ya hau motar kasuwa. A Talata Mafara akwai Sirajo mai gyaran rediyo, wani siririn mutum mai rumfa kusa da famfo, wanda bai taɓa jefar da ko guntun waya ba. Suka gaisa, aka tambayi gida, da iyali, da gajiya, da ruwa, da sabon wuri, da hannu, sannan Jatau ya kwance zane. Sirajo ya sa abin a kunne, Jatau ya ja masa layi ɗaya. Sirajo ya cire ya dube shi.

"Baba Jatau, wanga abu lasifika shika so, da injimin da ka ƙara mishi ƙarhi. Akwai sabo Gusau."

"Nawa?"

"Kana da sa?"

"Ina da akuya, ita ma ta Nagode ta."

"To mu bar zancen Gusau," in ji Sirajo, ya jawo kwalin tarkacensa.

Suka fara da wata 'yar rediyo da mai ita ya bari bai dawo ba. Sirajo ya buɗe bayanta, ya ɗiga dalma ya haɗa wayar akwatin a inda ake murɗa ƙara. Murya ta fito, amma sauro ya fi ta kauri. Jatau ya ce wannan ko shi mai kunne biyu sai ya sunkuya, balle Inna.

Talata ta gaba suka roƙi Nasidi mai maganin shawara ya ara musu lasifikarsa ta talla, irin mai baki kamar ƙaho, kafin kasuwa ta cika. Nasidi ya yarda don yana son ya ga abin mamaki, ya kuwa gani. Jatau na ɗaga hannun hagu wata ƙara ta tsaga kasuwar, jakunan masu albasa suka tsinke igiya, wata mai nono ta dafe ƙwaryarta tana salati. Ƙarfi kam akwai shi, amma muryar ta zama ta gwangwani, ba ciki ba zaƙi. Nasidi ya karɓe kayansa yana cewa kada a kore masa masu shawara.

"Wagga kuwwa ta, ba kiɗi ba," in ji Jatau. Bai karaya ba ko kaɗan. A mota ma da za su koma sai da ya gaya wa fasinjoji cewa an kusa gamawa.

Sa'ar ta zo ne daga wata tsohuwar tasi da aka yi watsi da ita a bayan tasha, kaji na ƙwai a ciki. Sirajo ya ciro rikodar da ke jikinta, wadda ta daina jan kaset amma cikinta na da rai, ya ciro lasifikar ƙofa mai faɗin faifai, ya samo wani batirin mota da ya gaji da tayar da inji amma bai mutu ba. Ya haɗa su. Wannan karon muryar ta fito da mutuncinta, sai dai siririya, kamar mai magana ta hanci.

Jatau ya ɗauki lasifikar tsirara ya juya ta a hannu. A nan kam an shigo gonarsa. Tsirkiya ma in ka ja ta a iska ba ta da murya, sai an ɗora ta bisa kumbo, ƙwaryar gogen. Ya fita cikin kasuwa ya dawo da masaki, ƙatuwar ƙwaryar nan da ake auna hatsi da ita, ya sa aka yanka faifan katako daidai bakinta, aka huda tsakiya aka zaunar da lasifikar, ya toshe gefen da ƙaro da tsumma, ya ɗan fasa ƙaramar kafa a gefe yadda ake yi wa goge. Da ya ɗaga hannu, muryar ta fito da ƙirji. Mai gyaran keke na rumfar gaba ya ajiye famfonsa ya zo ya tsaya.

Da aka zo maganar biya, Jatau ya ajiye takalman Dogo da rigar ruwa. Sirajo ya sa takalman, sun yi masa yawa har ƙafarsa na iyo a ciki, amma ya zaga rumfa da su yana ƙwas-ƙwas ya ce sun yi. Waya ce kawai ta yi musu gardama. Abin da ya rage a kwali bai fi kamu biyu ba, saboda haka dole masakin ya zauna a gindin turmin, dab da akwati.

A gida abin ya sake hali. Murya na rawa, ga wani gurnani a ƙasa kamar ƙudan zuma cikin tulu. Jatau ya koma wa Sirajo da faɗa, Sirajo ya yi tunani ya ce rumfarsa kusa da famfo take, ƙasar da danshi, tudun kuwa busasshe ne. Ya ba shi guntun rodi da waya, ya ce ya kafa a ƙasa ya ɗaura, ya riƙa zuba masa ruwa, shi kuma ya tsaya ba takalmi. Aka yi haka, gurnani ya ɗauke. Mutanen tudu, waɗanda aka yi wa alkawarin ruwan noman rani suna ta zuba ido, suka samu abin dariya. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Jatau, ƙarhen ya tsira?" Shi kuma ya ce, "Ya kusa, ku dai ku shirya lauje."

Yanzu kowa na ji. Masu cewa ya taɓu suka koma cewa dama sun san mutumin nan da kai. Nagode ta daina turare. Husaina kan tsaya bakin madafa da muciya a hannu har tuwo ya kama. Mutum ɗaya ce ba ta ɗaga kai ba. Marka na zaune ƙofar ɗakinta can ƙarshen gida tana kaɗi, mazari na juyawa, ko gezau.

"Malam, ka kira ta kusa mana," in ji Nagode.

"Ba shi son mutum kusa. Kuma kin san Inna, ina ta taɓa zama kusa da ni? Batir na ya yi sanyi. Ranar biki za a cika shi da wuta, in murɗe shi duka, ko mutanen Jangebe sai sun jiya."

Nagode ta dube shi irin duban da mata ke yi wa miji in ya faɗi abin da shi kansa bai gama yarda da shi ba, ta koma aikinta.

Ranar biki ta zo. An ɗaura aure da safe, aka ce amarya za ta fita da la'asar don motar Bakura ta wuce mummunar hanya da sauran rana. Sirajo ya iso da batiri a bayan keke, cike da wuta, yana sanye da takalman Dogo. Jatau ya kafa turminsa a ƙofar gida, ya shayar da rodinsa, ya tuɓe babbar riga ya tsaya da 'yar shara ƙafa ba takalmi. Ya ɗebo toka ya zana da'ira mai faɗi kewaye da kansa, ya yi shela cewa kada kowa ya tsallaka. Mutane suka ce to. Mata suka cika bakin zaure, Husaina a tsakiyarsu lulluɓe, Marka a gefe bisa tabarma.

Ya juya mamurɗi har akwatin ya yi shiru. Ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya kai na dama, taken ya fito. Tsofaffin Tungar Gawo suka san shi nan take. Wani ya ce "Allahu akbar, Barau!" Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Guɗar nan ce ta jawo abin da Jatau, da duk wayonsa, bai lissafa ba, wato liƙi, shi da ya yi shekaru yana cin abinci da shi. Kawun ango, Alhaji Tukur, babban ɗan kasuwar shinkafa na Bakura, ya ji kiɗi ya ratsa shi. Mutum irinsa kuwa ba ya jin kiɗi ya zauna. Ya miƙe da babbar rigarsa mai aiki, ya saɓa hannunta a kafaɗa, ya taka tokar nan kamar ba a zana ta ba, ya zo ya manna wa Jatau sabuwar takardar kuɗi a goshi. Akwatin ya ƙwalla ƙara kamar an yanka akuya. Alhaji ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wata. Dangin amarya suka ga ai ba za a bar Bakura ta fi su ba, suka taso. Kafin ka ce wani abu mutum sun kewaye turmi, kowa na miƙa hannu ta kan sandar, akwati na ihu yana shiɗewa, yara na dariya har da faɗuwa.

Jatau ya tsaya da kuɗi a goshi da gumi a wuya. Ba a korar mai liƙi, wannan cin fuska ne da ba a mantawa, balle ga surukai ranar farko. Kuma in bai kore su ba babu take. Karo na farko tun da aka fara wannan aiki ya ji tsoro ya kama shi.

Sirajo ne ya fitar da shi. Ya fita bayan da'irar ya tsaya, ya cire hula, ya tura goshi gaba yana ƙwas-ƙwas da takalma.

"Jama'a, ga goshi nan! Wanga goge na zamani na, ba a yi mai liƙi kai tsaye, wakili garai. Alhaji, bisimilla, goshin ga ya hi nashi hwaɗi!"

Aka fashe da dariya, Alhaji Tukur ya fi kowa. Ya juya ya nufi Sirajo, sauran suka bi shi. Da'ira ta koma fili. Jatau ya share fuska, ya murɗe ƙarar rikoda har ƙarshe, ya sake ɗaukar taken daga farko. Masaki na rawa a ƙasa, muryar ta cika tudun har tana dawowa daga duwatsu. Ya kai inda zabiya ke shiga, ya ja ya jira. Shiru. Ya sake zagayowa, ya sake jira. Marka na zaune tana kallon hannunsa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Direban motar Bakura ya danna ham sau ɗaya. Ƙarƙashin lulluɓi kafaɗun Husaina suka fara motsi.

Ba sauran abin murɗawa. Duk ƙarfin da tsohuwar tasi ta mallaka ya fito, bai isa ba.

Sai Marka ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta taho a hankali, ta iso bakin toka, ta taka ta wuce. Wannan kam ba wanda zai ce mata ga wakili. Tana matsowa muryar akwati na hawa, tana karkacewa, har ta koma tsuwa. Ta zo dab da turmi, kafaɗarta kusa da ta ɗanta yadda ba ta taɓa tsayawa ba tun yana goye, ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta bisa masakin.

Bakin Jatau ya buɗe zai ce "Inna, ja baya kaɗan," maganar da ya yi wata da watanni yana gaya wa mutane da kaji. Ya dubi hannun nan mai jijiyoyi a kan ƙwarya, ya haɗiye maganar. Ya kai hannu ga mamurɗi ya juya a hankali, tsuwar na sauka, na sauka, har akwatin ya yi shiru da su biyu a gabansa.

Ya sunkuya wajen kunnenta. "Inna, kak ki motsa."

"Kai dai ja, wanga."

Ya ja. Duk wuraren da hannunsa ya saba sun ɗan gusa, sai da ya lalubo su kamar mai neman ƙofa a sabon ɗaki, amma ya same su. Ƙwarya ta ɗauki rawa ƙarƙashin tafin tsohuwa. Ta rufe ido. Ya kai rabin taken sai ta ɗaga ɗayan hannun.

"Ka cika sauri. Ubanka ba shi sauri nan."

Ya sassauta. Ya zagayo, ya iso ƙofar da zabiya ke shiga, wannan karon bai ma jira ba, ta shiga. Muryar ta tsufa, ta dushe, amma ba ta kuskure wurin ba ko da gashi ɗaya:

"Tashi ɗiyata, gulbi ya ba da hanya,
ɗauki tulunki, gida na bayanki ba shi gudu."

Gulbin da ake nufi yana ƙarƙashin ruwan dam, da mashigin, da gawon da aka sa wa ƙauyen suna. Duk wanda ya fito daga Tungar Gawo ya san haka, shi ya sa maza suka sunkuyar da kai, mata suka amsa amshi suna share ido da bakin zane. Aka fito da Husaina tana kuka mai sauti, irin wanda ake so amarya ta yi, aka bi da ita gaban kakarta da ubanta a hankali, nesa da toka, har mota. Sirajo na tsaye da goshi cike da takardu, ya manta da su, hawaye na bin gefen hancinsa. Marka ba ta ɗaga hannu daga masakin ba sai da ƙurar motar ta kwanta.

Washegari da la'asar, gida ya yi shiru irin na bayan biki, Jatau ya fitar da kayansa ƙarƙashin aduwa. Ya shayar da rodi, ya haɗa batiri, ya tsaya inda ya saba. Akwatin ya ƙi shi. Wurin da hannunsa ya nema babu komai, muryar ta zurma can ƙasa tana gurnani, don tun jiya an daidaita shi da mutum biyu, yau kuma ɗaya ne ya zo. Gyaran ba wuya, ɗan juyi ne kawai. Ya kai yatsa ga mamurɗin, ya tsaya, ya janye hannunsa.

Ya ratsa tsakar gida ƙafa ba takalmi har ƙofar ɗakin ƙarshe, ya durƙusa ya ɗaga murya.

"Inna, abin ga ya ƙi yi ba ke."

Marka ba ta dube shi ba. Ta gama zaren da ke hannunta, ta naɗe shi a mazari, ta ajiye cikin kwando.

"To ɗauko man tabarma," ta ce. "Jiya gwiwata ta sha tsakuwa."